Mun Karya Basillarka, Bube

Zuwa ga taubashina Bube maƙeri, na Ƙofar Dundaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwancinka. Na san wagga takarda ba za ta ishe ka ba, babu mai kai ta inda kake. Ko kana da rai ma ai ba karantawa za ka yi ba. Juya ta za ka yi gaba da baya, ka ce in ina da magana in faɗa da baki, sannan ka tura ta cikin gawayi. To bakin ne yanzu ba ni da inda zan kai shi, shi ya sa na zauna rubutu da wanga hannu nawa mai ciwo.

Ni ne Sidi baduku, ɗan kawunka. Malamai sun ce a riƙa ambaton mamaci da alheri, kuma ina yi. Ba na sallame salla ban sa ka a addu'a ba. Amma da na shafa, sai in koma kan fushina, don fushi nake da kai, Bube. Ba irin na wasan taubasai ba, wanda muke zage-zage a bakin maƙera mutane na dariya. Wanga na gaske ne, har abinci yake hana ni ci.

Bari in fara ba ka labarin gida, kada ka ce ba ni da ladabi. Hajo matarka ta fita takaba lafiya, sai dai gwiwar nan tata ta matsa mata, da sanda take fitowa tsakar gida. Nana autarka ta haihu, namiji, an yi maka takwara. Na je suna, anka miƙo mini shi, ya dunƙule hannu ya ƙi buɗewa, na ce ba shakka jinin Bube ne, marowaci tun daga zanen goyo. Mata sunka yi ta dariya, Hajo kuwa ta juya baya tana share ido. Rumfar maƙerarka gefe ɗaya ya zube da damina, awakin maƙwabta sunka mayar da ita wurin kwana. 'Yan gwangwan sun yi ta zarya suna son a sayar masu da uwar maƙera da masaba, wai a aza a sikeli. Ka san wa ya kore su? Attahiru. Ɗanka na fari, wanda ka hana taka wagga rumfa. Shi ya tsaya a ƙofa ya ce ko ƙusa ba za a fitar ba.

Yanzu ga abin da ya sa ni rubutu. Mun karya basillarka. Ta ƙarshe, wadda ka ƙera mini kafin ka kwanta ciwo. Ba ɓacewa ta yi ba, ba kuma a kan aiki ta karye ba. Da gangan munka karya ta, ni da Attahiru, ina tsaye ina kallo. Kai ka ja, kuma sai ka ji yadda anka yi.

Ka tuna dokarka? Ba ka taɓa yarda ka ƙera mini basilla biyu a lokaci guda ba. Tun muna samari nake roƙonka ka yi mini wata in ajiye, kana cewa wanda ke da biyu ba ya tattalin ɗaya. Sai wadda ke hannuna ta cinye, na kawo maka guntun ka gani da idonka, sannan ka yi tsaki ka sa a hura wuta. Ni kuma na ɗauka kullum kana nan, in na taka daga rumfata zuwa taka zan ishe ka zaune kana faɗa da mai zuga. Ran da anka kai ka, na dawo na buɗe jakar kayan aikina. Wuƙaƙe ga su nan, allurai ga su, kakin zuma da zare ga su, basilla kuwa ƙwaya ɗaya tak. Wace irin doka ce wagga, Bube? Wa ya ba ka tabbacin cewa ni zan riga ka tafiya?

Ka fi kowa sanin aikina. Ni ba mai ɗinkin takalmi ba ne, ko da yake ban raina masu yi ba. Gafaka nake ɗinkawa, jakar Alƙur'ani, da jar fatar akuyarmu, wadda in majemi ya gyara ta da kyau sai ka dunƙule ta a tafin hannu. Irin wagga fata ba ta son a yi mata rami. So take a ɗan tsaga ta, allura ta bi da zare, sannan tsagar ta koma ta rufe a kan zaren har ba ka ganin inda anka shiga. Basillarka kaɗai ke yin haka. Bakinta yana da ɗan faɗi da kaifi gefe biyu, tsininta da tauri, jikinta kuwa yana ɗan lanƙwasa ya dawo. Ba tura ta nake yi ba, aza ta nake yi ta shige. Da ina da ƙarfi, wanga daɗi ne kawai. Yanzu da sanyin ƙashi ya kama mini babban yatsa, in ba da ita ba, layi ɗaya ba ni iya kaiwa. Ka ga yatsan da idonka kafin ka rasu, har ka yi mini ba'a ka ce ya koma citta. Ka gani, ka yi dariya, ba ka ce bari in yi wa wanga tsoho tanadi ba.

Kada ka ce ban nema ba. Na shiga babbar kasuwa da ƙafata, cikin zafin nan namu da ka sani. Wani mai shago ya baje mini kayan waje a kan tebur, sai walƙiya suke. Akwai wata mai mariƙin katako da wuyan tagulla, ana murɗawa a cire baki a sa wani. Ba zan ɓoye maka ba, dabarar ta burge ni. Mutum ya yi ta canza baki abinshi, ba sai ya je lallashin wani maƙeri mai baƙin rai ba. Na kawo ta gida na gwada. Bakin zagayayye ne kamar ƙusa, ya huda fatar ya bar rami a buɗe, zare na yawo ciki. Na ce bari in fitar mashi da kaifi a dutse. Ina cikin wasawa farin ya goge, ashe shafe ne anka yi, na ciki ƙarfen banza ne.

Na koma, sai ya ba ni wani abu mai haƙora, kamar cokali mai yatsu. Ana aza shi a kan fata a buga da guduma, ya fitar da huji a jere, tazararsu ɗaya. Shi samarin dukawa ke yayi yanzu, a waya sunka gani. Gaskiya a kan fatar sa mai kauri, in bel za a yi ko jakar 'yan boko, layinshi ya fi na hannu miƙewa, wanga ba zan yi musu ba. Amma a fatar gafaka? Bugu ɗaya ya ratsa ta ya yaga tsakanin hujin. Kuma ba ya shan kwana, gafaka kuwa duk kwana ce, ga marfi, ga kunnuwan da igiya ke bi. Ga shi kowane bugu sai na ji shi har cikin kafaɗa.

Na gwada mai ƙugiya, irin ta masu gyaran takalmi a bakin titi, wadda ke shiga ta jawo zare ta baya. Tana da sauri, ba laifi. Sai dai ɗinkinta irin na keken ɗinki ne, zare ɗaya in ya tsinke, ja kawai za ka yi layin ya warware gaba ɗaya. Ni in sa Alƙur'anin mutum a irin wanga ɗinki, ya rataya ya hau kabu-kabu? Allah ya kiyaye.

Daga nan na bi maƙera. Haba Bube, kunyar da ka ja mini! Ni da anka sani da kai tun tasowa, ina bi rumfa rumfa ina tambayar ko akwai mai iya basilla. Kowa sai ya ce ai abu mai sauƙi ne. Wani ya yi mini da ƙusa, kafin in kai ƙarshen layi ta dakushe. Wani ya sa wa tashi tauri tun daga baki har gindi, na ɗan karkata hannu ta ɓalle ƙas, guntun ya tsaya cikin fata. Wani dattijo mai kirki ya karɓi taka, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce a kusa da kunne, ya miƙo mini. Ya ce wagga ƙirar Bube ce, shi bai san yadda kake ba ta ruwa ba, kuma bai san wanda ya sani ba. Ka ji? Har abokan sana'arka ka bar su cikin duhu, kana ganin gwaninta ce.

To ƙaƙa za a yi su sani? In ka gama ƙira, lokacin ba ƙarfe ruwa ya yi, wato a tsoma shi da zafinshi don ya yi tauri, sai ka kori kowa. Mai zuga ma sai ya tashi, ka saki asabari, ka ja zuga-zugin da kanka. Ni da abin nawa ne, a waje nake tsayuwa cikin rana ina jin cuu daga ciki. Mutane na cewa asirin gidanku ne. Wasu su ce wani ganye kake jiƙawa, wasu su ce addu'a ce kakanku ya bari. Kai kuma kana jin daɗi, kana shafa gemu, ba ka cewa i, ba ka cewa a'a. In na ce ka nuna wa wani, sai ka ce lokaci bai yi ba. To ga lokaci ya yi, ina kake?

Wanda ya kamata ya tsaya bayan wanga asabari tare da kai, Attahiru ne, kai ma ka sani. Mi ya yi maka? Ya tafi Kalambaina neman na kanshi, ya koyi walda wurin masu gyaran manyan motoci, ya dawo. Ya ishe awartakin kakanku ya tsage, ka jingine shi a lungu kana jimami. Ya ɗauka a ɓoye ya liƙe shi da walda, ya goge shi tas, ya kawo maka yana murmushi, yana jiran ka sa mashi albarka. Ina wurin. Ka karɓa ka duba, ka aza a kan uwar maƙera ka kai mashi masaba. Liƙin ma bai saki ba, gefe ne ya karye. Ka ce mai liƙa ƙarfe ba maƙeri ba ne, kada ya ƙara taka maka rumfa. A gaban mutane, Bube, a gaban masu jiran gyaran fartanya. Na sha faɗa maka cikin wasa cewa ka yi wauta, kana dariya kana cewa baduku mi ya sani da ƙarfe. To yau ba wasa nake ba. Ka zalunci yaron nan.

Ina ta wanga yawo, basillarka na ta cinyewa. Ka san ba a ɗinki ba a wasa ba, kuma kowace wasawa tana cin tsini. Taurin nan a baki kaɗai yake, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. A kan dutse nake jin shi. Da kukanta siriri ne, sai ta fara sauya murya. Na gane saura kaɗan in cinye mai taurin in faɗa mai taushi, daga nan kuwa ba ta da wani amfani.

Ana haka, wani tsohon malami a cikin gari ya aiko mini da aiki. Alƙur'ani ne rubutun hannun mahaifinshi, warƙa warƙa, gafakar ta ruɓe, yana son sabuwa kafin takardun su watse. Fatar ma da kanshi ya zaɓo, na daɗe ban ga mai kyanta ba. Na auna da ido, na ga abin da ya rage a bakin basillar zai kai ni ƙarshen wagga gafaka in na lallaɓa. Bayanta kuwa shi ke nan, Sidi ya tashi daga aiki.

Shi ne na hau napep na tafi Gidan Igwai, inda Attahiru ke da shagon walda yana yin ƙofofi da tagogi. Ba yaro ba ne yanzu, furfura ta fara fito mashi, ɗiyanshi sun tasa. Ya kashe inji, ya durƙusa ya gaishe ni, ya share mini benci. Na miƙa mashi basillar na tambaye shi ko zai iya yin irinta. Ya karɓa, ya juya ta a hannu yana dubawa. Can ya ce siffar ba wuya, ko yau sai ya fitar da ita. Ruwan ne bai sani ba, don bai taɓa gani ba. Hanya ɗaya ya sani. A goga ta a inji a ga irin tartsatsin da za ta yi, a gane wane ƙarfe ne, sannan a karya bakin a dubi cikinshi a ga yadda ruwan ya ratsa. Ya ce in za a yi kuwa sai yanzu, tun da sauran tauri a jikinta. In na bari na gama gafakar malam, babu abin da zai rage a duba. Bai matsa mini ba. Ya ce in je in yi shawara da zuciyata, shi ba zai ce in bayar ba, don bai yi alkawarin zai gano komai ba.

Ka ga inda ka sa ni? Ko in ɗinka gafaka ɗaya ta ƙarshe in naɗe hannu, ko in ba da abin neman abincina a karya, a kan ƙila. Kai kana kwance abinka, ni tsoho ina ta kai da komowa da tsinken ƙarfe a aljihu. In ɗauko fatar malam in shimfiɗa, in shafa ta, in naɗe in mayar. Matata ta ce tunda take da ni ba ta taɓa ganin na bar fura ta tsinke a ƙwarya ba sai wanga karo. Abin da ya yanke mini shawara ba wani dogon tunani ba ne. Na ga in na cinye ta a dutse, ni ne na ƙarasa binne abin da ka ɓoye, da hannuna. Ni kuwa ba zan taya ka rowa ba.

Na koma da hantsi. Attahiru ya riga ya jera guntayen ƙarfe iri iri a kan benci, ƙusa, rodi, sifirin mota, tsohon magagari, ƙarfen lema, wayar ƙafar keke. Ya goga kowane a inji muna kallon tartsatsinshi. Sannan ya zare mariƙin basillar, wanda ka sassaƙa da icen aduwa daidai tafin hannuna, ya miƙo mini shi, ya goga gindinta. Ko ni da ban san ƙarfe ba na gani. Wayar keke ce, Bube. Wayar ƙafar keke! Irin wadda ke jibge bayan rumfarka tana tsatsa, yara na ɗiba suna yin mota. Mu muna nan muna cewa ƙila wani ƙarfe ne kakanku ya zo da shi daga gabas.

Sannan ya matse ta, ya yi bismilla, ya dube ni. Na ɗaga mashi kai. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken ashana ba, amma wallahi sai da na ji ta a haƙorina. Ya ɗauki guntun ya fita rana da shi, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira ni. Cikin bakin launin toka ne, lumui, ba tsakuwa tsakuwa ba irin na wadda ta ɓalle mini. Ya gwada sama kaɗan, nan ba ta karye ba, lanƙwasa ta yi. Ya ce abin da ya gani ke nan, bakin kaɗai kake tsomawa, sannan ka sake nuna mashi wuta kaɗan don taurin ya sassauta. Babu alamar ganye, babu wani haɗi. Na ce to madalla, sai a yi. Ya girgiza kai, ya ce ai wanga kowane maƙeri ya san shi. Abin da ba a sani ba shi ne wane irin ja ƙarfen ke yi ka zare shi, wane launi kake jira a karo na biyu, ƙaƙa kake karkata hannu wurin tsomawa. Wanga kuwa ba ya cikin ƙarfe. Sai wanda ya tsuguna kusa da kai yana kallo, yau da gobe, har idonshi ya ɗauka.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan bencin nan. Na ba da basillata anka karya, don in gano cewa babu komai bayan asabarin nan sai kai. Ba asiri, ba ganye, ido ne kawai da hannu, abin da ba ya raguwa don an ba wani. Mi za ka rasa in ka bar ɗanka ya tsuguna gefenka? Kasuwa zai ƙwace maka? Mutum nawa ke neman basilla a garin ga? Girman kai ne, Bube, ba wani abu ba. Ka fi son a ce Bube kaɗai ya iya, da a ce gidan Bube sun iya. To an faɗa, sai ka ji daɗi. Bube kaɗai ya iya, ga shi can ƙarƙashin ƙasa shi da iyawar tashi. Tir da wagga rowa.

Ga wata magana da ban taɓa faɗa maka ba. Duk wadda ka miƙo mini sai na yamutsa fuska na ce ta karkace, ko na ce makaho ma zai yi wadda ta fi ta. Wasa ne, kai ma ka sani. Gaskiyar ita ce ban taɓa riƙe ƙarfe mai jin magana irin naka ba, kuma duk gafakar da anka yabe ni a kanta, rabin yabon naka ne. Shi ya sa abin ke ƙona mini rai. Da aikin banza kake yi, da ka tafi da abinka ba wanda zai kula.

Tun daga ran nan Attahiru bai huta ba. Ya tada gefen rumfarka da ya zube, ya kori awaki, ya share tokar da ka bari. Ni na ɗinke mashi zuga-zugin da ɓeraye sunka ci, da basillar kasuwa, ina yi ina tsaki, yatsana na zogi. Kullum da safe kafin ya buɗe shagonshi sai ya zo ya hura wuta, ni kuma in zauna gefe da guntayen fata a cinya. Shi ba ya da idonka, ni ba ni da hannun ƙira. Abin da ya rage kawai, yatsana ya san yadda taka ke shiga. Ya ƙera, ya ba ta ruwa, ya miƙo, in soka in ce ta yi taushi. Ya sake, in ce ta yi tauri. Tafiyar makaho da gurgu ke nan muke yi. Wayar keken da ke bayan rumfa ta kusa ƙarewa. Akwai wata da ya yi kwanan baya, na aza ta ta shige sumul. Na sake azawa, ta sake shigewa. Kafin in buɗe baki in yi kabbara, bakin ya murɗe. Shi kuma ya kasa tuna mi ya yi daban a kanta. Ka ji irin wahalar da ka bar mana, a kan abin da za ka iya nuna mashi kuna hira.

Jiya na mayar wa malam da fatarshi. Ba zan riƙe mashi ita ba alhali takardun Alƙur'aninshi na neman watsewa. Da kaina na kai, ban aika ba. Tunda ubana ya sa mini wuƙa a hannu ban taɓa ce wa mai aiki ba zan iya ba, sai jiya. Dattijon nan ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi, sannan ya tambaye ni wa zai kai wa. Na faɗa mashi sunan wani cikin samarin nan masu buga haƙora da guduma, don shi ne mai dama dama a cikinsu. Da bakina, Bube. Na fito daga zauren ban san yadda na iso gida ba.

Yau da safe muna zaune a rumfarka, wuta ta kama, sai Attahiru ya ajiye masaba. Bai dube ni ba, gawayi yake kallo. Ya tambaye ni, tunda ni na fi kowa zama da kai, ko ka taɓa faɗin wata kalma mai daɗi a kan hannunshi, ko sau ɗaya, ko a bayan idonshi. Mutum mai furfura, uban ɗiya. Na lalube duk zaman da munka yi da kai, tun daga bakin maƙera har ranar da nake tallafe ka kana shan ruwa a kan tabarma, ban samu ko ɗaya ba. Ƙarya kuwa ba zan yi mashi ba a rumfar ubanshi. Na sunkuyar da kai, shi ma ya gane. Ya ɗauki wata wayar ya tura a wuta, ya ce in matso da guntun fatar gwaji.

Haƙƙina na yafe maka tun ranar da anka sa ka a ƙasa, kuma ban janye ba, kada wani abu nawa ya tsare ka. Fushin dai ina riƙe da abina. Haƙƙin Attahiru kuwa ban san mi ya yi da shi ba. Ban tambaye shi ba, ba ni da fuskar tambaya. Gobe in Allah ya kai mu za mu sake hura wuta. In ya dace kafin yatsan ga ya manta yadda taka ke shiga, alhamdu lillahi. In bai dace ba, gafakar Sidi ta ƙare ke nan, kuma kai ka ƙarar da ita.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya sa can ta fi nan. Sai mun zo.

Taubashinka da ka bari da mariƙi ba baki,
Sidi baduku.